Hannun Falmata Bai Kai Ba

Wuro Hausa, Yola.

Zuwa ga jikata Dijatu, uwar iyayi, mai rigar ofis da kati a wuya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Mubi lafiya, da ƙafafunki biyu da jakarki, ba ki bar wayarki a mota ba yadda kika saba. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya sa waɗanda za ki tarar su karɓe ki hannu biyu. Na cusa takardar a aljihun jakarki ne saboda na san halinki: in da baki na faɗa, kina latsa waya kina "to Dada, to Dada," babu abin da zai shiga. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Aji huɗu na yi a firamare, sauran a yaƙi da jahilci na ƙarasa, layin ma da kyar nake bin sa.

Labarin gida ba zan ba ki ba. Yadda kika bar shi haka yake, akuyar nan ma ba ta haihu ba.

Ranar da kike shirin tafiya kin tsayar da ni a tsakar gida kin karanta mini jawabin da za ki yi wa iyayen yara. Kin ce ƙungiyarku ta ɗauke ki ki tara 'yan mata a ƙauyukan bayan Mubi, ki koya musu karatu da sanin ciwon kai, ki kuma shawo kan iyaye su bar aurar da su tun ba su isa ba. Jawabin ya yi daɗi, har kaji sun bar tono sun tsaya. Amma Dija, in kika zazzage shi haka a gaban dattawa, za a ba ki ruwa mai sanyi, a yi miki godiya, a raka ki bakin titi, kuma ba za ki sake ganin ko ƙeyar yarinya ɗaya ba. Na sani domin ni ma na taɓa yin irin jawabin nan, nawa ma ya fi naki yaji. Saboda haka zauna in ba ki labarin Falmata.

Kin tuna ta ai. Ita ce wadda kika kawo mini ƙararta kina ƙarama, wai tana ja miki bargo tana cinye miki ƙanzo. Kin san ta zauna a gidanmu, amma ba ki san yadda aka yi ta zo ba.

Shekarar da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka gudo, kin ga yadda garin nan ya cika. Kowane zaure ya zama ɗakin kwana, kowace rumfa ta zama madafi. A lokacin ne wata Goggo Nana ta Demsawo ta aiko a kira ni, wai akwai amarya, in zo in fara mata dilka da turare kafin ranar lalle. Amaryar 'yar ƙaninta ce, Malam Buba tela, wanda ya gudo da iyalinsa ya sauka a gidanta. Na hau keke Napep na je da kwandona. Aka shigo mini da yarinya an lulluɓe ta da mayafin manya, gefensa yana jan ƙasa. Na ce, "Amarya, ba ni hannu." Ta miƙo. Dija, tafin hannun nan bai rufe nawa ba, ni da kike cewa hannuna kamar na 'yar tsana. Farce a cije, ga tawadar biro a gefen yatsa. Na tambayi shekarunta, aka ce sha uku, amma ai tana da jiki. Jikin nan ban gan shi ba, mayafi na gani.

Na rufe kwandona na fito. A ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, maza suna zaune sun idar da la'asar. Na tsaya a kansu, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Wane ne uban yarinyar nan a cikinku?"

Wani siririn mutum ya ce, "Ni ne, Hajja."

Na ce, "To ka ji tsoron Allah. Yarinyar da ko tukunyar tuwo ba za ta iya saukewa ba, ita za ka ɗora wa gida? Kai ba ka da ido ne?"

Na yi ta zuba, maza suna kallon takalmansu. Da na gaji ya ɗago kai ya ce, "Hajja, kin gama? Na bar gidana, na bar kekena na ɗinki, na bar kabarin ubana. Abin da ya rage mini a duniya shi ne in ce ga yadda za a yi da 'yata. Shi ma kin zo karɓa ne, a gaban mutane?"

Na koma gida ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Kafin mako ya zagayo labari ya iso ni: an matso da ranar biki, an kuma ɗauki wata mai lalle. Abin da jawabina ya saya wa Falmata ke nan.

To ki riƙe wannan. Kada ki taɓa tsare uba a gaban tsaransa. Ko yana son ya janye, kin toshe masa hanya, domin in ya janye za a ce mace ta zo ta yi masa tsawa ya bi. Mutanen da za ki je wurinsu sun koma garuruwansu sun tarar da toka. Mutunci ne kaɗai kayan da suka gudu da shi suka dawo da shi. Kada ki taɓa shi. Ki yi gaisuwa har ki gaji, ki tambayi gona, ki tambayi jiki, ki sha kunun gyaɗar da aka ba ki ko da babu sukari. Maganar da ta kawo ki ba za ta ruɓe ba in ta kwana.

Na koma Demsawo don in ga ko akwai abin da zan gyara, ina rakuɓe-rakuɓe kamar ɓarauniyar kaza. Sai na ji murya daga gidan da ke manne da na Goggo Nana: "Hajja mai lalle! Zo ki sha ruwa mana. Na ji wa'azinki ranar nan, babu ko lasifika amma har madafina ya shigo." Madam Saratu ke nan, 'yar Numan, tsohuwar malamar firamare. Bayan ta yi ritaya ta koma girkin biki, manyan tukwanen unguwar duk nata ne. Mun sha haɗuwa a gidajen biki, ita tana wuta ina tabarma, amma ban taɓa tunanin in tambaye ta wannan magana ba. Na ɗauka mai zuwa coci ina ruwanta da auren gidan Malam Buba.

Ta zaunar da ni ta ce, "Kin yi ta zagin mutumin da ba shi ya yanke ba. Kin tambayi inda yarinyar take kwana?"

Na ce a'a.

Ta ce, "A baranda, bayan buhunan masara. Gida cike da samari, na Nana da na baƙi. Nana ba ta barci saboda tsoron abin da za a ce. Ita ta nemo mijin, mai shagon hatsi a kasuwar Jimeta, domin yana da ɗaki mai ƙofa. Buba yana cin tuwon yayarsa, yana kwana a zaurenta, da wane baki zai ce mata a'a?"

Kin ji fa. Ni na je yaƙi da jahilci da taurin kai, ashe maganar ɗaki ce mai ƙofa da sakata. Saboda haka duk gidan da kika ji an sa ranar yarinya, kafin ki buɗe baki ki buɗe ido. Ina take kwana? Wa ke rakiyarta ɗiban ruwa? Makarantar tana da nisa, hanyar ta daji ce? Wa ke ciyar da gidan? Sau da yawa mai rawanin da ke zaune a ƙofa ba shi ke yankewa ba, wata goggo ce a ƙuryar ɗaki mai ciwon gwiwa. Kuma kada ki tsallake ƙofar kowa don kin ga gicciye a bango ko allo a zaure. Maƙwabciya ta san abin da liman bai sani ba, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Yanzu ga wurin da za ki yi mini dariya. Mai lallen da aka ɗauka a madadina Hajara ce ta Jimeta. Mun yi shekaru ba ma gaisawa, tun ranar da na ce a wani gidan suna wai furannin da take zanawa kamar kaza ta taka kwaɓaɓɓen lalle ta bi ta kan hannun mutum. Maganar ta isa kunnenta kafin a raba waina. Wurin wannan mata Madam Saratu ta ce in je. Na ce gara in sha ruwan Binuwai da damina. Ta ce to ki bar yarinyar. Na ɗaura mayafi na tafi.

Hajara tana ganina ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma sawun kazar ake nema?"

Na ce, "Hajara, kazar nan ta iya tafiya, ni ce ban iya kallo ba. Useko, don Allah, ki yafe ni. Kin ga hannun yarinyar Demsawo?"

Ta ce, "Na gani. Don in ƙona miki rai na karɓi aikin. Tun ranar abin yake damuna. Amma me za mu ce musu? In muka ce ta yi ƙanƙanta, za su ce ba mu muka haife ta ba."

Na ce ba za mu taɓa maganar shekaru ba, maganar sana'armu za mu yi. Kin san zanen amare: babban fure a tsakiyar tafi, reshe ya bi ta wuyan hannu ya hau. A hannun yarinya ba ya zama, cunkushewa yake ya zama baƙin tabo. Wannan ba ƙarya ba ce, duk mai lalle ta sani. Sai mu ce hannu bai kai ba. Ba mu zagi uba ba, ba mu zagi goggo ba, ba mu ja da malamai ba. Hannu ne kawai bai kai ba, kuma hannu ai girma yake. Hajara ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita za ta bi sauran masu lallen Jimeta, ni in bi na Yola. Madam Saratu kuma ta ce tukwanenta daga yau suna da ciwon baya, ba sa hawa murhu sai amarya ta isa.

Ki lura, Dija, aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma waɗanda za ki fi buƙata ba lallai su zama waɗanda kike so ba. Biki ba ya yiwuwa sai da mai lalle, mai girki, mai kitso, mai ɗinki. Su ne ke fara jin an sa rana, tun kafin maigari ya ji. Ki neme su. In akwai wadda za ki durƙusa wa, durƙusa, gwiwarki sabuwa ce.

Wurin Goggo Nana kuwa ni kaɗai na shiga, bayan azahar, da ɗan turaren wuta a ƙulle. Na ba ta haƙuri, na bar ta ta yi magana. Ta ce, "Dada, wallahi ba ƙin ta nake ba, jinina ce. Amma in wani abu ya same ta a gidan nan, wa za a zaga? Ni."

Na ce, "Gaskiyarki. To ki ba ni aronta. Na tsufa, idona ya fara hazo, ina neman mai kwaɓa mini lalle. Ɗakina yana da ƙofa da sakata, daga ni sai wata jikata mai bakin tsiya."

Ta ce, "Mutane fa? An riga an raba goro."

Na ce, "Ki ce masu lalle sun duba sun ce hannu bai kai ba, ke kuma ba za ki fitar da 'yar ƙaninki da farin hannu kamar marar gata ba. Ki ɗora mana laifin. Mu mun saba da zagi, shi muke karyawa da shi."

Ta daɗe tana juya ƙullin turaren, sannan ta ce, "Sai dai ki faɗa wa Buba da kanki."

Na faɗa masa. A ƙarƙashin darbejiyar nan, a gaban mazan nan, domin inda na zubar masa da mutunci nan ya kamata in je in kwashe. Na gaishe shi da sunan sana'arsa, na ce na yi wauta ranar nan, na kuma roƙe shi alfarma biyu: ya ba ni aron 'yarsa, ya kuma karɓi keken ɗinkin uwarki da ke cin tsatsa a ɗaki ya ɗinka mini atamfa, domin telolin Yola sun gama da ni. Ya dubi abokansa ya ce, "To, tunda Hajja ta roƙa." Kin ji? Shi ya bayar, ba ƙwace aka yi ba. Mai shagon hatsi aka ce ya jira. Bai jira ba, ya auri wata bazawara mai hankali, Hajara ta yi mata lalle, kowa ya ci shinkafar Madam Saratu, tukwane sun warke.

Duk wanda kike so ya juya, ki tanadar masa maganar da zai faɗa wa mutane gobe. In ba ki ba shi ita ba, ba zai juya ba ko da zuciyarsa ta juya.

Kada ki ɗauka daga nan na zama mai wayo. Na kawo Falmata gida, na sa aka ɗinka mata yunifom, na kai ta firamaren unguwa na ce a sa ta inda akwai wuri, tunda takardunta sun ƙone a can. Ina ta yabon kaina. Ba a jima ba aka ce mini ba ta zuwa, a bayan masallaci take zama har a tashi. Na kira ta ina huci: "Ke, duk wahalar da na sha a kanki?"

Ta ce, "Dada, da kin bar su sun yi auren."

Na ce me ya sa?

Ta ce, "Goggo ba ta tambaye ni ba, Baba bai tambaye ni ba, ke ma ba ki tambaye ni ba. A garinmu ina sakandare. Nan kin sa ni cikin masu majina, suna kirana amarya. Ba ni da ƙawa ko ɗaya."

Yarinyar da na yi ta faɗa a kanta unguwa-unguwa, ban taɓa zama na ce mata me kike so ba. Washegari Madam Saratu ta zo ta gwada ta da lissafi da karatu, ta kai ta ajin da ya dace da ita da kanta. Ke kuma, malama mai kati a wuya, kada ki zama goggo ta biyu mai Turanci. Yarinya ba buhu ba ce da za a ɗauke daga wannan rumbu a kai wancan. Tambaye ta, ki yi shiru, ki jira. Shirun zai yi tsawo, kada ki cike shi da bakinki.

Maganar ƙawaye kuwa lalle ne ya warware ta. Na ce Falmata ta kira 'yan matan layinmu da na baƙi ranar Asabar in yi musu ƙunshi kyauta, tana koyo a hannunsu. Nan na gano abin da na yi shekaru ina gani ban lura ba. Yarinyar da aka sa wa lalle hannu da ƙafa, babu mai aikenta. Ba ta wanke-wanke, ba ta talla, ba ta goyon ƙani, sai ya kama. Ba ta kuma iya tashi ta gudu. Tana zaune, hannu a sama, bakin ne kawai a sake. A tabarmar nan na ji wadda aka fara kawo wa kaya, da wadda ke tsoron hanyar makaranta, da wadda ba ta san me ke faruwa da jikinta ba. Madam Saratu ta riƙa zuwa tana musu karatu, tunda ko sun ƙi ba su da ƙafar gudu. Uwar da ba za ta bar 'yarta ta je taron ƙungiya ba, da kanta za ta turo ta ƙunshi, har ta ce a yi mata mai kyau.

Shi ya sa jakarki ta yi nauyi. Ba dutse na sa miki ba, garin lalle ne, na Wuro Hausa, wanda na daka na tankaɗe da hannuna. Ki cire rigar ofis ɗin ki shimfiɗa tabarma. Na san zanenki, Hajara ma ta fi ki, amma yara ba za su damu ba.

Ba duka muka ci ba, kada in yi miki ƙarya. Akwai waɗanda suka ɗauko mai lalle daga wani gari, akwai waɗanda suka yi abinsu a ɓoye. In haka ta same ki, kada ki yi fushi ki yanke ƙafa daga gidan. Wadda aka riga aka kai ɗaki ta fi kowa buƙatar tabarmarki, kuma tana da ƙanne a baya. Amma dai a unguwannin nan, yau in aka ce za a sa ranar yarinya, tsofaffi da kansu ke tambaya, "Hannu ya kai kuwa?" Wasu ma ba su san daga ina maganar ta fito ba. Hajara tana cewa ita ta ƙirƙiro ta. Na bar mata.

Falmata ta gama sakandare a ɗakina, ta yi karatun aikin asibiti, iyayenta suka koma gida da keken uwarki, ni kuwa har yau ban ga atamfata ba. Kina makarantar kwana lokacin da ta dawo mini wata rana da yamma, ta zauna a gabana tana murmushi, ta buɗe tafin hannunta a kan gwiwata. Ta ce, "Dada, duba mini. Ya kai?" Akwai wani malamin makaranta, ita ta gan shi ta ce shi take so. Na ɗora hannuna a kan nata, ya rufe nawa har da saura. Na ce, "Ya kai, 'yar nema." Ni na zana hannun dama, Hajara ta zana na hagu, muna yi muna zagin aikin juna, amarya tana dariya har furen ya so ya karkace.

Tana Mubi yanzu, tana aiki a ƙaramin asibiti, ranar Asabar kuma tana shimfiɗa tabarma. Kafin ki je wurin maigari, kafin ki je ofishinku ma in da hali, ki je wurinta. Na riga na aika mata kina zuwa. Ta ce akwai ɗaki mai ƙofa da sakata, amma bargo ki zo da naki.

Kada ki yi tafiyar yamma a hanyoyin ƙauye. In sojoji sun tsayar da mota ki ajiye wayar nan ki amsa abin da aka tambaye ki kawai. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, ki kira uwarki ko ba ki kira ni ba. Allah Ya kai ki gidajen da za a saurare ki, Ya ba ki haƙurin da ni ban samu ba sai da na tsufa, Ya tsare ki da yaran da za su zauna a tabarmarki, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mini da ke cikin jam, lafiya lau.

Naki hannun kuwa na duba shi kina barcin rana, ya daɗe da kaiwa. Ban ce komai ba. Lallena ba ya lalacewa, kuma ba zan zana miki ba sai ranar da kika zo da kanki kika buɗe shi a kan gwiwata.

Kakarki mai ƙaunarki,
Dada Dudu mai lalle.